Kawu Mai Awon Mikin Ɓeraye

Daga Allah muke, gare Shi kuma Kawu ya riga mu komawa, ranar wata Talata da hantsi, a gadon asibiti a Gwagwalada. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ni 'yar ƙanwarsa ce. A hannunsa na tashi tun rasuwar mahaifina, kuma da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Na zauna rubuta wannan don kada a manta da shi. Amma in zan faɗi gaskiya, har da don kaina ya kulle ne, ina fatan in na zube abin a takarda zan ga bakin zaren.

Zaman makokinsa ya rikita mutanen layinmu a Dutse Alhaji. Layin nan ko keke mai ƙafa uku da ƙyar yake shiga, sai ga manyan motoci an jera tun daga bakin titi, farfesoshi da likitoci suna tattare riguna suna tsallake kwata. Mai shagon ƙofar gidanmu, wanda ya yi shekara da shekaru yana kiran Kawu Dakta, ya matsa kusa da wani farfesa ya tambaye shi cikin ladabi:

"Ranka ya daɗe, wai shi Dakta wane ɓangare yake dubawa, na yara ko na manya?"

"Na ɓeraye," in ji farfesan.

Mai shago ya ɗauka zolaya ce, ya ga kuma ba wurin zolaya ba ne, sai ya koma kan tabarma ya zauna. A cikin gida wata maƙwabciya ta ce ita da ma ta ji ƙishin-ƙishin ɗin ɓeraye, ta zaci maganin kashe su yake sayarwa, har ta taɓa aikawa a karɓo mata ya ce ba shi da shi, ta yi wata guda ba ta gaishe shi ba. Inna, matarsa, tana gefe cikin mayafin takaba tana jin su, ba ta gyara wa kowa zance ba. Ita kanta ba na jin ta taɓa taka ƙafa wurin aikinsa.

Sai ga Madam ta shigo. Madam 'yar Filato ce, Kirista, ita ce shugabar ma'aikatan ɗakin binciken da Kawu ya yi wa aiki, kuma tare suka tsufa a wurin. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ta zube a gaban Inna ta fashe da kuka irin wanda ba mu saba yi a gidan mutuwa ba. Mata suka shiga kallon juna. Ita Baba take ce wa Kawu. Tana kuka tana faɗa da Hausarta ta Abuja:

"Baba ya cuce ni. Mutum da ya san miki pass all of us, shi ne zai ɓoye nasa? Ni ban gane ba, Inna. Ka gaya mini, ni ban gane ba."

Ni da nake da rabin amsar ina bakin ƙofar kicin riƙe da tire, na juya na koma ciki.

Bari in faɗi aikin Kawu, tunda 'yan unguwa ba su sani ba. Masu ciwon suga, in suka ji rauni, musamman a ƙafa, ba ya saurin warkewa. Ƙaramin yanka sai ya zama gyambo, wani har a yanke ƙafar. Masu neman maganin wannan ba sa farawa da mutum, da fararen ɓeraye suke farawa. Za a yi wa ɓera allurar da za ta sa masa ciwon suga. Bayan wasu kwanaki a ba shi maganin barci, a aske masa gadon baya, a cire fata zagaye kamar faɗin kwabo. Daga nan kullum a shafa masa man da ake gwadawa, a riƙa duba ko mikin yana rufewa. Kawu shi ne mai kula da ɗakin ɓerayen. Bai wuce firamare ba, da shara ya fara, amma babu ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ya gama aikinsa a wurin ba tare da ya bi ta hannunsa ba.

Ɓera mai suga ba ya gajiya da shan ruwa, fitsari kuma ba a magana. Don haka kullum sai an canza garin katakon da ke cikin keji, in ba haka ba danshi ya ɓata mikin. Kawu yana barin gida bayan sallar asuba, ya hau mota zuwa Zuba, ya sake wata zuwa Gwagwalada, ranar aiki da ranar hutu duk ɗaya, har ranar Sallah sai ya leƙa bayan an sauko idi. An sha ce masa ya kama ɗaki kusa da wurin aiki, ya ce to wa zai riƙa sayo wa Inna lemo a Zuba. Lemon nan rabinsa a cikinsa yake ƙarewa kafin ya iso gida, shi da likita ya hana zaƙi, ya shigo yana goge baki yana cewa 'yan kasuwa sun rage mudu.

Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne awo. Zai riƙe ɓera a tafin hannunsa, ɓeran da ya gama cizon ɗalibi ya yi lamo kamar an ba shi tuwo. Sai ya ɗora wata 'yar leda mai shara-shara a kan mikin, ya bi bakinsa da siririn alƙalami ya zana. Daga baya a ɗora zanen a kan takarda mai ƙananan gidaje, a ƙirga gida nawa mikin ya ci. In gidajen suna raguwa, miki yana warkewa. Ko da aka zo da na'urar ɗaukar hoto da kwamfuta, Kawu bai daina ledarsa ba, kuma in lissafi ya saɓa, Madam tasa take ɗauka. Daga nan ya samo maganar da ya addabe mu da ita a gida: "A gama awo tukuna." In Inna ta ce hadarin nan ruwa zai yi, a gama awo tukuna. Da na kawo masa maganar wanda zan aura, ina ta zuba yabo, ya bari na gama sannan ya ce, "To Uwata, a gama awo tukuna." Na yi fushi na kwana biyu.

Kafin ya taɓa kowane ɓera sai ya yi bisimilla, ya ce masa, "Yi haƙuri, bawan Allah." Ɗalibai suna dariya a ɓoye. Ranar da aka gama gwaji kuwa, da za a kashe ɓerayen a ɗebi fatar a duba, Kawu ba ya cin abincin rana. Shi yake riƙe su, bai taɓa barin wani ya yi ba, wai hannun da suka sani ya fi. Na taɓa tambayarsa ko ba ya tsoron alhakinsu. Ya ce yana tsoro, amma ya ga ƙafar mahaifinsa kafin a yanke ta, shi ma suga ne. Ban sake tambaya ba.

Rigimarsa da Madam ta faru tun ina 'yar makarantar sakandare, amma har ya mutu ana ba da labarinta a wurin. A kowane gwaji ana ware wasu ɓerayen, a yi musu miki kamar sauran, amma ba a sa musu magani. Da su ake gwada bambanci, don in ba haka ba, ba za a san ko maganin ne ya warkar ko jiki ne ya yi aikinsa ba. Kawu ya san wannan sarai. Amma wata shekara wani ɗalibi ya zo da gwajinsa, kejin waɗanda aka bari ya yi muni, mikinsu ya ƙi motsi. Kawu ya duba ya duba, zuciyarsa ta kasa. Sai ya riƙa zuwa da 'yar kwalbar zuma a aljihu, da sassafe kafin kowa ya iso, yana lakata musu. Kiyashi ne suka tona shi. Madam ta ga layinsu ya miƙe daga taga har kejin da bai kamata a sami zaƙi a ciki ba.

Aikin watanni ya lalace, ɗalibin ya zauna a ƙasa yana kuka da hawaye, sai da ya sake komai daga farko. Madam ta tsare Kawu a gaban kowa.

"Baba, ka san abin da ka yi? Idan ba a bar wasu ba, yaya za mu san magani yana aiki? Ka taimaki ɓera shida, ka cuci mutane nawa?"

"Na sani, Madam," ya ce. "Amma su waɗannan me suka yi?"

"Sauran fa, me suka yi?"

Saura ƙiris a sallame shi, ita ɗin dai ce ta je ta roƙi oga, ta fito kuma ta daina yi masa magana har kusan shekara, sai dai ta rubuta a takarda ta ajiye masa a tebur. Da suka shirya, sai ta kawo tsarin ambulan. Ita za ta zuba mayukan a kwalabe iri ɗaya, wani da magani, wani man banza ne kawai, ta sa musu haruffa. Ta rubuta wace kwalba ce wace, ta rufe a ambulan ta manne. Kowane ɓera za a shafa masa wani abu, mai shafawa da mai awo ba su san wanne ne na gaske ba, ba kuma a buɗe ambulan sai an ƙirga zane na ƙarshe. Don Kawu aka kawo tsarin, sai ya zama babu mai tsare shi kamarsa. Wani farfesa mai gaggawar tafiya taro ya taɓa cewa a buɗe masa kafin lokaci, Kawu ya sa ambulan ɗin a aljihun gaba ya ce, "Oga, a gama awo tukuna." Farfesan da bakinsa ya ba da labarin nan a wurin makoki, yana dariya yana share ido.

Ni kuma Kawu ne ya ja ni harkar haɗa magunguna, ko da bai taɓa cewa in yi ba. Da na zo digiri na biyu, na haɗa man shafawa da bagaruwa da zuma da man kaɗanya, na gwada a ɗakinsa. Ɓerayena su ne na ƙarshe da ya riƙe kafin ya yi ritaya. Bai sassauta mini ko kaɗan ba, a wurin aiki ma ba ya ce mini Uwata, sai "ɗaliba". Ranar da Madam ta buɗe ambulan aka ga ɓerayen da mikinsu ya fi saurin rufewa nawa man aka shafa musu, Kawu ya fita waje ya daɗe. Da ya dawo idonsa ja, ya ce garin katako ne ya faɗa masa. A mota muna dawowa ya saya mini kankana guda a Zuba, ya riƙe ta a cinya har gida. Na yi ta jaddada masa cewa wannan mataki na farko ne kawai, abin da ya yi wa ɓera aiki ba lallai ya yi wa mutum ba, da sauran gwaje-gwaje masu yawa a gaba. Ya ce ya sani, ai shi ya koya mini.

Yanzu na zo wurin da alƙalamin yake mini nauyi.

Wata huɗu kafin rasuwarsa ya zo wurin aikina, inda nake haɗa magunguna. Abin da bai taɓa yi ba. Zafi ake kamar me, amma yana sanye da safa a cikin takalmi sau-ciki, yana taka ƙasa a hankali kamar mai tsoron tashin wani daga barci. Bayan mun gaisa ya ce:

"Uwata, man nan naki na bagaruwa, za ki iya haɗa mini kwalba ɗaya? Ragon maƙwabcinmu ne waya ta yanka a ƙafa."

"Kawu, man nan na dabba ne fa. Ba a gwada shi a jikin mutum ba."

"Ai dabba na ce miki."

Na dubi safar nan. Wallahi na dube ta. Na san yana da suga shekara da shekaru, na san babu maƙwabcinmu mai rago a wannan lokacin, na san abin da safa a cikin zafi take nufi a ƙafar mai suga, don a kan haka na yi karatu. Da a ce wani dattijo ne daban ya shigo, da na ce ya cire takalmi in gani. Amma Kawu ne, ban taɓa ganin tafin ƙafarsa ba sai in yana alwala, kuma kunya ta hana ni. Akwai kuma wani abu bayan kunyar, wanda sai yanzu nake iya faɗa: na ji daɗi da ya nemi man nawa. Na haɗa masa, na cika kwalbar har baki.

Bayan haka na kira shi sau da yawa. In na ce ya rago, sai ya ce rago yana samun sauƙi. Mu biyun muka riƙe ragon nan muna wasa da shi har wata uku. In na je gida ina samunsa a zaune, ƙafafu a ƙarƙashin bargo ko cikin safa, ya ja ni da hira har in tashi. Inna ta ce kullum da safe yana kulle ƙofar ɗakinsa kusan awa guda, in ta yi magana ya ce aiki yake. Wari ne ya sa ta kira ni. Da muka kai shi asibiti aka cire safar, likitan ya dube ni, don ya san aikina, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi a kan kallon nan. Ƙafar dama akwai tabon miki a dunduniya, ya rufe sumul. Ta hagu kuwa ta riga ta lalace, cutar ta shiga jini. Sun yi iya ƙoƙarinsu, an sa ranar yanke ƙafar, bai kai ba.

Ana gobe zai rasu, da rana, ya farfaɗo kaɗan, ya kama hannuna ya ce, "Akwai aiki a akwati. A gama awo tukuna." Na ɗauka zafin zazzaɓi ne.

Bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu, Inna ta kira ni ɗakinsa ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta ce, "'Yar nan, ya ce in ba ki. Ni ban san kansu ba." A ciki akwai ledoji masu shara-shara, an jera su kashi biyu an ɗaure da zare. Kowace da zanen miki, da kwanan wata, da harafi a kusurwa, kashi ɗaya A, ɗaya B. Hannun Kawu ne, ko a mafarki na san shi. Sai dai waɗannan zanen sun fi na ɓera girma. A ƙasan akwatin kuma ga ambulan, an manne bakinta, ya sa hannu a kan mannin kamar yadda Madam take yi.

Na zauna a ƙasa. Miki biyu ne, ɗaya a kowace ƙafa, kuma ya mai da kansa ɗakin gwaji. Ba sai an gaya mini abin da ke cikin ambulan ba: wace ƙafa ya shafa wa man, wace ya bari. Na juya abin ta kowace fuska ban sami inda zan tsaya ba. In hagu ya shafa wa, to man da na haɗa da hannuna ne ya kasa, ko ma shi ya ƙara ɓata mikin, ni na kashe shi ke nan. In kuma dama ya shafa wa ya bar hagu, to man ya yi aiki, amma Kawu ya zauna yana kallon ƙafarsa tana ruɓewa don ya samo mini amsa, nan ma ni ce. Na rasa wacce zan roƙi Allah ta kasance. Kwana huɗu ambulan ɗin tana cikin jakata, ina zuba wa baƙi abinci, ana ce mini sannu da haƙuri, kin yi masa hidima, Allah ya ba ki masu yi miki. Kowace addu'a sai in ji kamar an mare ni.

Ranar bakwai Madam ta dawo da kwanon abinci a hannu. Na ja ta ɗakin Kawu na rufe ƙofa, na gaya mata komai, har ragon. Ban taɓa faɗa wa kowa ba kafin ita. Na jira faɗa, sai ta ce kawai:

"Ka kawo takarda mai gida-gida?"

"Madam, ni ambulan ɗin nake so in buɗe in huta."

"No, my daughter. Baba ya yi aikinsa, mu ma za mu yi namu. A gama awo tukuna."

Jin maganar a bakinta ya sa na yi kukan da ban yi ba tun ranar Talata. Ta bar ni na gama, sannan ta sa tabarau. Muka baje ledojin a kan darduma, hasken azahar yana shigowa ta taga, tana ƙirga gidaje ina rubutawa. Mai harafin A tana raguwa a hankali, mako bayan mako, har ta koma ɗigo. B ta ɗan ragu da farko, ta tsaya, sannan ta fara faɗi. Zanen bai taɓa karkacewa ba sai a kwanakin ƙarshe, inda layin ya fara rawa, kuma mikin ya fi ƙarfin leda ɗaya har ya haɗa biyu. Madam ta riƙe wannan ta ƙarshen ta ce, "Dubi, ko nan bai yi ha'inci ba." Mutum yana ganin wannan da idonsa kowace safiya, yana auna shi daidai, bai tashi ya tafi asibiti ba. Har yau na kasa haɗa waɗannan biyun a kaina.

Da muka gama ta miƙo hannu. A ƙa'ida wanda ya haɗa magani ba shi yake buɗewa ba. Ta yage bakin ambulan, ta ciro 'yar takarda da aka yago daga littafin makaranta, ta karanta a fili, a hankali, don rubutun Kawu manyan baƙaƙe ne marasa tazara:

"Uwata, ki yi haƙuri. Na yi niyyar in shafa wa ɗaya in bar ɗaya, don ki sami amsa. Kwana biyu na bar ta hagu, na kasa. Duka biyun na shafa wa. Na sake ɓata aiki. Kada ki gaya wa Madam."

Madam ta tsaya a kan sunanta. Sai ta yi wata irin dariya da ta koma kuka a tsakiya, ta dafe kai tana cewa, "Wannan mutum. Wannan mutum bai canza ba."

Ni ban yi dariya ba, ban kuma ji sauƙin da na zata ba. Duka biyun ya shafa wa, ɗaya ta warke, ɗaya ta kashe shi. To man ya yi aiki ko bai yi ba? Na tambayi Madam, ta cire tabarau ta ce a matsayinta na ma'aikaciya, wannan awon bai nuna komai ba, ko da ya bar ɗayar ma mutum ɗaya ba ya zama gwaji, kuma Baba ya fi kowa sanin haka. Na ce to don me ya yi? Ta ce ba ta sani ba. Wataƙila tsoron wuƙar da ta yanke ƙafar mahaifinsa ne, ya fake da aiki. Wataƙila ya yarda da man ne fiye da yadda ya kamata, don nawa ne. Sai ta sake duba takardar, ta ce a hankali:

"Ko kuma ya san kowace amsa ya rubuta za ta kashe ka, shi ne ya rubuta wannan."

Wannan bai zo mini ba sai da ta faɗa. Kawu bai taɓa ƙarya a awo ba, amma takardar ambulan ba awo ba ce, kuma mutumin da ya ƙirƙiro rago zai iya ƙirƙiro wannan. Na tashi da sauri na nufi wurin Inna. Na san yawan man da na zuba, in na ga abin da ya rage zan iya ƙiyasta ko na ƙafa ɗaya aka ɗiba ko na biyu.

"Inna, kwalbar man nan da ke ɗakin Kawu fa, mai baƙin murfi?"

"Wai wannan? Ai tun ranar uku na wanke ta. Kwalba mai kyau, na zuba gishiri."

Ta nuna mini ita a kan kanta a kicin, tsaf, cike da gishiri. Na ce da sauran mai a ciki da ta wanke? Ta ce ita ba ta lura ba, hankalinta ba ya jikinta a ranar, ko wani abu ne? Na ce ba komai.

Yau wata biyu ke nan. In an tambaye ni me ya kashe Kawu, ina cewa suga, kuma ba ƙarya na yi ba. Duk dattijon da ya shigo wurin aikina da safa a cikin zafi, sai ya cire ta na gani, ko zai zage ni, kuma in na ga miki asibiti nake tura shi a ranar, ba na ba shi komai ya tafi da shi gida. Ledojin suna nan a akwatinsu. Wani lokaci in karanta takardar in yarda da shi, wani lokaci in karanta in ga kamar yana kallona ta ƙasan ido, yadda yake yi in ya shanye lemon Inna. In na ci abinci a gidan, da gishirin kwalbar nan aka dafa, ban taɓa gaya mata ba.

Ya Allah, Kai ka san abin da ya faru a bayan ƙofar nan kowace safiya, ba Ka buƙatar a buɗe Maka ambulan. Ka yafe masa abin da ya yi wa kansa, Ka yafe mini safar da na gani na kau da kai. Bawanka ne da bai taɓa iya wuce keji ya bar mai ciwo haka nan ba, ko da an ce masa ƙa'ida ce. Kada Ka sa shi cikin waɗanda aka bari.